Katangar Bayan Gida Ta Fara Tumbi

Daren Laraba, farkon damina, Sabo.

Katangar da ke tare ƙasar tudun bayanmu ta fara tumbi. Da rani Sale magini ya toshe ramukan fitar ruwanta da siminti, wai ɓeraye ke bi. Na ce masa ƙasa mai ɗan laima tana riƙe kanta, amma in ta ƙoshi da ruwan Ibadan sai ta jingina da bango. Ya ce, "Malam, karatu ya yi maka yawa. Taɓa ka ji, dutse ne!"

Yau na ga sabon fenti a jikin katangar, a wuri ɗaya tak, kamar an rufe tsaguwa. Yaushe mai gidan haya ya fara kyauta? Ɗakin yara kuwa yana gindinta. Na ce su dawo namu ɗakin. Uwargida ta ce na cika zargi, amma ita ta fara naɗe tabarmarsu.