Bokiti a Saman Kai

Litinin, 3 ga Maris
Na gama duba takardun aji. Ɗalibata 'yar tela ta sake rubuta cewa idan ana wulwula dutse sama da ƙasa, igiya ta fi shan ja lokacin da dutsen yake can sama. Karo na uku ke nan. Shugaban makaranta ya ce in ta faɗi gwajin ranar Alhamis, sai ta bar ajin kimiyya. Yarinyar da ke son zama injiniya.

Talata, 4 ga Maris
Na cika allo da zane. Na ce duk abin da ke zagaye yana buƙatar ƙarfin da zai riƙa jan sa zuwa tsakiya. A sama, nauyin dutsen ma ƙasa yake ja, wajen tsakiya, don haka yana rage wa igiya aiki. A ƙasa kuwa igiya ce ke ɗauke da nauyin, ga kuma jan zuwa tsakiya. Bayani tsaf, ni kaina ya burge ni. 'Yar tela ta ce ta gane. Idonta bai ce haka ba.

Laraba, 5 ga Maris
Na kai ƙaramin bokitin wankin yarana makaranta, na ɗaura masa igiya, na zuba ruwa rabi. Niyyata ni zan wulwula su kalla, amma kafaɗata ta ƙi. Dole na miƙa wa 'yar tela.

Zagaye biyar, ko ɗigo bai zubo ba. Aji ya kaure da ihu. Sai ta rage gudu daidai saman kai, igiya ta saki, ruwan ya sauko mata. Ni ma na samu rabona, har cikin takalmi.

Tana tsaye jagab tana murza tafin hannu, ta ce, "Malama, ashe a ƙasa yake fizge ni. A sama kamar ba komai na riƙe ba. Me ya sa ba ki faɗa mana ba?"

Ban faɗa ba, wai.

Alhamis, 6 ga Maris
Gwaji. Na kasa zama.

Juma'a, 7 ga Maris
Ta ci, goma sha bakwai cikin ashirin. Tana nan daram a ajinmu.

Na rubuta darasin mako mai zuwa, shafi huɗu. Na sake karantawa, na cire uku, na aika a nemo mini tsofaffin tayoyin keke guda shida, yara su juya da hannunsu su gani. Saboda maƙogwarona ne kawai na rage surutu, kwana biyu yana damuna.