Tasha Uku Daga Obor

Zuwa ga Rodica, sanyin idona, ranata da nake tararwa duk lokacin da na fito daga rami, ke da kika fi duk furannin rumfarki ƙamshi,

Yau kwana goma sha ɗaya da tafiyarki, amma Bucharest ko gezau ba ta yi ba. Jiragen ƙarƙashin ƙasa suna zuwa a kan lokaci, har da wanda nake tuƙawa. Wani mutum ya karɓi rumfarki a bakin tashar Obor, yana jibge furanni kamar mai sayar da albasa. Ni kaɗai ne na bushe, kamar reshen da aka yanke aka manta ba a sa shi a ruwa ba.

Kin tuna farkon Maris ɗin nan, ƙanƙara tana narkewa, na tsaya sayen furen da zan kai kabarin matata? Kika ɗaura min zaren bazara, ja da fari, a maɓallin rigar aiki, kika ce, "Direba, kai da gafiya ba ku da maraba, kullum a rami! Ka riƙa leƙo rana mana." Shekara biyu ban yi dariya ba sai ranar. Muryarki ta sauka a ƙirjina kamar ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa.

Sai 'yarki Ilinca ta haifi tagwaye a birnin Torino, can wata ƙasa, ba ta da kowa kusa. A kicin ɗina, Mama tana tari a ɗaki, kika dube ni kika ce, "Costel, ka ce in zauna, ni kuma in zauna." Na yi ta juya cokali a shayi. Da wane bakin zan raba uwa da 'yarta? Da wace ƙafa zan bi ki, alhali tsohuwa mai shekara tamanin da bakwai ba ta karɓar abinci a hannun kowa sai nawa?

Kin ɓoye min lokacin tafiyarki don kada mu yi kuka a gaban mutane. Wayyo, Rodica! Ranar Talata, tara saura kwata na safe, na shigo Obor, sai ga ki a dandamali da koriyar rigarki da akwati biyu. Duk jiragen garin nan, sai nawa! Da hannuna na buɗe miki ƙofa, ina kallonki a madubi. Da hannuna na rufe. Tasha uku na ja ki zuwa babbar tashar jirgin ƙasa, tarago huɗu kacal tsakaninmu, ɗaruruwan rayuka a wuyana, ba halin in bar kujerar tuƙi, ba halin in rage gudu. A babbar tashar, Gara de Nord, kika sauka, kika tsaya, kika juyo wajen kan jirgi. Jama'a suka rufe ki kamar ambaliya. Fitila ta ba ni hannu, na tafi.

Kin san ni ne na tuƙa ki? Don Allah ki gaya min wannan kawai. Ba zan ce ki dawo ba, ba ni da wannan ikon.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Jiya ina ba Mama miya, ta shafa kumatuna kamar ina yaro, ni kuwa zuciyata tana Torino. Kunya ta kama ni. Zan zo gare ki, farin watana, wannan alkawari ne. Amma ban san ranar ba, kuma tsoron saninta nake yi, domin ranar da hanya za ta buɗe min zuwa wurinki, ita ce ranar da zan dawo daga binne uwata.

Ki sumbaci jariran a madadina. Ki riƙa rufe wuyanki, kin san sanyi ba ya yi miki daɗi.

Naki, ba na wata ba, har a rufe idona,
Costel