Riƙon Makarantar Kebbe

Kebbe, Yuni 1963

Zuwa ga Kawu Ɗan'iya,

Bayan gaisuwa da ban girma, ina fatan kana lafiya tare da iyali.

Na ji an yi kiɗa a ƙofar gidanka, wai na zama hedimasta. Kawu, ban zama ba. Riƙo aka ba ni, na gwaji, kuma da baki Malam Ɗangiwa mai duba makarantu ya faɗa mini. Albashina yana nan na ƙaramin malami, ajina na Tambuwal kuwa an ba wani malami, Atiku. Wanda aka tabbatar ba a cire shi sai an saurare shi. Mai riƙo kuwa, kalma ɗaya ta ishe shi. In an sauke ni, ban san inda zan koma ba. Ina so in roƙi takardar shaidar riƙon, amma ina tsoro.

Ka huta lafiya.
Ɗanka, Almu

Tambuwal, Yuli

Almu,

Muna lafiya, damina ta zauna.

Takarda? Kul! Ni da kaina na kai ma Ɗangiwa goron godiya gaban mutane, yanzu ka ce bakinai bai isa ba? An ba ka fura, kana tambayar ko an wanke ƙwarya! Mi boko ta koya muku ban da tsoro? Ka kama bakinka, ka yi aiki.

Allah shi yi maka albarka.
Kawunka

Kebbe, Agusta

Kawu,

Ina gaisuwa.

Na yi shiru kamar yadda ka umarta. Ranar Talata ruwa ya kayar da rufin aji, wata yarinya, Lauratu, ta karye a hannu. Tun zuwana na faɗa wa Malam Ɗangiwa rufin ya ruɓe, shi ma da baki. An ce masu bincike suna tafe, kuma hedimasta za su tuhuma. Wajen albashi ƙaramin malami ne ni, wajen laifi ni ne babba. Ba na iya cin abinci. Matata Hauwa'u tana da ciki, ban gaya mata ba.

Ka sa ni a addu'a.
Almu

Tambuwal

Ɗana Almu,

Na gaishe ka.

Na tafi gidan Ɗangiwa. Ya tarbe ni da fara'a, ya ce bai tuna anka yi maganar rufi ba, kuma shi taimako kawai ya ce ka yi a Kebbe. Na tashi na komo gida.

Ban faɗa ma uwarka ba. Kada ka sa hannu ga komi sai na iso. Gobe nika tasowa.

Allah shi kiyaye.
Kawunka