Ɗigo Ɗaya a Kan Ƙaf

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Na shiga ajin koyon shirin rediyo da ake yi a cibiyar matasa nan Nguru. Sa'adiya ce ta kai sunana, 'yar kawuna, taubashiyata. Wai tunda bakina ba ya hutawa gara a sa masa makirufo. Ban yarda don Allah ta yi ba. Bara na sa mata kwaɗo a jakar makaranta, har yau ba ta rama ba, kuma Sa'adiya ba ta mantuwa.

Mu goma sha huɗu ne. Ni kaɗai ne ban taka boko ba.

Laraba, 9 ga Oktoba

Malaminmu Gregory sunansa, mutumin Kudu, shekararsa ashirin a nan, Hausarsa har da karin magana. Ya ce kowa ya rubuta wasan kwaikwayo na minti biyar, wanda ya fi kyau za a je gidan rediyo a Gashua a ɗauka da sunan mai shi. Na ce ni da ajami nake rubutu. Ya ce, "Rubutu ai rubutu ne, Jumare." Ya faɗa da murmushi. Murmushin nake ta juyawa har yanzu.

Sa'adiya aka ba aikin mayar da nawa boko, tunda ta yi Islamiyya, ta san baƙaƙen. Kura aka ba ajiyar nama.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na gama. Labarin tsohon masunci ne da ciyawar kacala ta toshe masa ruwa, kwalekwalensa ya kwana biyu a tudu. Ɗansa ya zo ya ce ya bar ruwan ya bi shi gari. Sau uku yana roƙo, sau uku tsoho yana cewa, "Na ƙi." Shi ke nan. Kakana Abbagana na rubuta, amma ban gaya wa kowa ba. Da na zo na ukun sai da na ajiye alƙalami na fita waje.

Ban taɓa yin abu ba da wasa ba sai wannan.

Talata, 15 ga Oktoba

Ta rama. A gaban kowa.

Gwaji aka yi. Cikin 'yan ajinmu Zakir ne tsoho, Haisam ɗan, suna karantawa daga takardar da ta buga. Haisam ya marairaice, "Baba, ruwa ya mutu, ka zo mu koma gari." Zakir ya buɗe baki ya ce, "Na fi." Karo na biyu, "Na fi." Wani daga baya ya ce, "Ka fi wa, tsoho?" Aji ya kece. A na uku Zakir har da bugun ƙirji.

Bayan an tashi ta tare ni wai, "Alaramma, ni ma ban gane me tsohon ya fi ba, amma haka ka rubuta." Fuskarta kamar ta mutanen Allah. Na ce, "Sannu da aiki, 'yar boko." Da kwaɗo ta sa min a aljihu da na yi dariya. Wannan kakana ne.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Malam ya ce in zuwa Litinin ni da Sa'adiya ba mu daidaita ba zai cire wasan, wai ba a gane inda labarin ya dosa ba. Anya ba da shi aka haɗa ba? Shi ya zaɓe ta. Haisam ma tun farko wasansa yake so ya je Gashua.

Juma'a, 18 ga Oktoba

An ba ni aron rikodar aji in koyi riƙewa. Bayan masallaci na biya gidan kawu, na same ta tana wanki tana waƙa, muryar kamar an taka agwagwa. Na laɓe bayan zana na ɗauki minti huɗu cur. Ranar Litinin kowa zai ji.

Ban ji daɗin da na zata ba.

Litinin, 21 ga Oktoba

Rikodar na aljihuna, yatsana a kan maɓalli, sai Malam ya kira mu gaban allo. Ya ce shi bai san alif ba balle ba, amma yana da ido. Ya ba ni alli, "Rubuta na ƙi." Na rubuta. Ya ba ta, ita ma ta rubuta da ajami a gefen nawa. Ya ja baya ya duba, ya ce, "Naka ɗigo ɗaya, nata biyu. Wa ya ci ɗayan?"

Na ce ƙaf ɗigo ɗaya gare ta a sama, haka na sha ta a allo tun ina ɗan shekara biyar, fa kuma ɗigonta a ƙasa yake. Ta ce su a Islamiyya ɗigo ɗaya a sama fa ce, ƙaf biyu. Muka tsaya muna kallon juna. Ashe duk ƙaf ɗin da na rubuta fa ta gani. Ta ce da ta ga "fasa" da "fafa" ta gane ƙasa da ƙafa nake nufi, ta gyara min shiru don kada in ji kunya, ta zata kuskurena ne. "Na fi" kuwa kalma ce, sai ta bar ta.

Wai don kada in ji kunya.

Aka sake gwaji. Zakir ya ce "Na ƙi" na ukun a hankali. Ba wanda ya motsa.

Talata, 22 ga Oktoba

An zaɓi nawa. Saura in goge waƙar kafin in mayar da rikoda, kuma duk maɓallan da Turanci suke. Na ji tsoron in goge aikin mutane. Dole na kai mata. Ta saurara tun daga farko har ƙarshe, ina tsaye kamar ɓarawon akuya. Ta ce, "Yaushe za ka sa?" Na ce jiya. Ta ce, "Me ya hana?" Na ce batir. Ta goge, ta miƙo min, ba ta ƙara ko kalma ba. Gara da ta zage ni.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Gashua. Ɗakin ɗaukar murya duk katifa a bango, sanyi kamar randa. An ɗauka sau biyu. A ƙarshe mai gabatarwa ya ce, "Jumare ne ya rubuta." Na jira dariya ta biyo baya. Ba ta biyo ba.

A mota muna dawowa na miƙa mata bangon wannan littafin na ce ta zana min ƙ ta boko. Ashe sanda ce mai lanƙwasa a ka. Ta ƙara min f, da sauran har goma, na ce ya isa. Ba wai koyo zan yi ba. Don dai in riƙa duba abin da take buga min ne. Na yi layi shida kafin mu kai Jajimaji.