Gidan Nanay Bai Tsallake Kogi Ba

Ilaya, 3 ga Mayu

Zuwa ga matata Petra,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da 'yarmu Marilou da jaririnta. Yaya mai jego, yaya zafin Cebu? Ki shafa mini kan jikan nan, ki ce kakansa na nan tafe da zarar an gama ƙidayar jama'a. Mu nan lafiya lau, sai dai ƙafar tsohuwata Nanay da ke ta kumbura.

Petra, jiya ma an ɗauke mana gida. Na Tiburcio ne wannan karon. Maza talatin muka zura gora a ƙarƙashinsa, muka saɓa a kafaɗa, muka gangara da shi Ilawod, kejin zakaransa yana lilo a taga. Kin san in an kira ka ɗaukar gida ba ka cewa a'a, ko da kai ne kapitan, wato shugaban unguwar da ake kwashewa. Haka na kai wa ƙanena Ambo mutum bakwai na gidan Tiburcio a kan kafaɗata, na zauna na ci taliyar da aka dafa wa maɗauka.

Gida na tara ke nan tun da aka shimfiɗa wa mutanen Ilawod titin siminti. Cikin unguwanni goma sha ɗaya na gundumar Tagbalete, tamu ce uwa. Lokacin da kakanninmu ke shuka kwakwa a kan tudun nan, Ilawod taɓo ne da kaguwa. Yanzu su ne masu titi, masu ɗakin shan magani, masu kasuwar kifi, mu kuwa an bar mu da dutse a baya, kogin Malubog a gaba. Ambo kuma, wanda ni na koya wa ɗaure ɓauna, shi ne kapitan ɗinsu. Da muka sauke gidan ya dafa ni yana dariya, ya ce, "Manong, yayana, ka rage gora mai kyau, wata rana naka za mu ɗauko." Na yi dariyar ni ma, amma Allah ya sani ba ta kai ciki ba.

Abin da ke damuna shi ne, an sanar daga hedkwatar gunduma cewa duk unguwar da ta gaza mutum ɗari biyar za a ɗauke malamarta, yaranta su riƙa tsallake kogi zuwa makarantar Ilawod. Na zaga gida-gida na ƙirga. Mu ɗari biyar da biyu ne. Mai ƙidaya za ta hawo ran ashirin ga wata.

Ki gaishe da surukinmu. Naki har kullum,
Crisanto

Ilaya, 12 ga Mayu

Masoyiyata Petra,

Gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Na samu wasiƙarki. Kin ce in daina auna tudu da bakin teku, kowa da inda Allah ya ajiye shi. Na ji, amma ki bari ki ji abin da ya faru.

Ɗan Eusebio da amaryarsa sun tafi Manila, mun koma ɗari biyar cif. Ranar Lahadi kuma bayan coci Nanay ta kira mu ni da Ambo. Ta ce hawa da sauka ya fi ƙarfin ƙafarta, tana so a ɗauke gidanta a kai shi bayan gidan Ambo, kusa da ɗakin shan magani. Gidan da ta haife mu a ciki, Petra. Shekara ashirin ni nake gyara mata rufi duk bayan guguwa, ni nake ɗebo mata ruwa daga idon ruwa, ke kike dama mata kunun shinkafa. Ambo sai ya zo ranar Lahadi da kifi biyu a leda, ta bi unguwa tana cewa autanta ya kawo mata kifi. Ban taɓa jin ta ce Santo ya kawo ruwa ba. Ina kishinsa, na faɗa miki, tun muna yara nake kishinsa, kuma furfura ba ta rage komai ba.

Ni ne babba, ni zan kira maɗauka, ni zan sa rana. Ambo ya ce, "Manong, mu yi Asabar mana, kafin ruwa ya sauko." Na ce gorar da ke hannu ta tsufa, sai an saro sabuwa ta sha iska. Ƙarya ce, gorar gidan Tiburcio tana nan jingine a bayan rumbuna, ko tsagewa ba ta yi ba. Nanay ta dube ni, ta kira ni yadda take kirana tun ina yaro, ta ce, "To, Dong, kai ka san gora." Na sa ranar ashirin da uku.

Kwana goma sha ɗaya ne kawai. Ina gaya wa kaina saboda yara sittin da malamarsu nake yi, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ke ba zan ɓoye miki ba, so nake ko sau ɗaya a rubuta sunan Nanay a gefena, Ambo yana ji yana gani.

Kada ki faɗa wa Marilou. Mijinki,
Crisanto

Ilaya, 27 ga Mayu

Petra,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Ina fata wannan ta same ku lafiya. Kada hankalinki ya tashi, Nanay tana da rai, tana cin abinci.

Mai ƙidaya ta zo ran ashirin, da 'yar jakarta da lema. Ni na raka ta har matakalar Nanay. Ta tambayi suna da shekaru, ta rubuta, ta manna takarda a ƙofa. Ilaya ɗari biyar, malama ta tsaya. Da yamma mutane suka kawo bammi gidanmu, ana ta cewa kapitan ya iya aiki. Na sha, na ji daɗi, har na aika wa Ambo da labari ba don ya tambaya ba.

Washegari ruwa ya sauko a kan dutse, kwana biyu bai ɗauke ba. Malubog ya cika ya shanye duwatsun da muke takawa. Ran ashirin da uku, ranar da na sa, na je da safe na tarar da Nanay zazzaɓi ya rufe ta, ƙafar ta yi baƙi har gwiwa. Da tana bayan gidan Ambo, taku hamsin ne zuwa wurin ma'aikaciyar jinya. Na tsaya a bakin kogi ina kallon ruwa, ina lissafin ta inda za a bi. Ina cikin lissafin sai ga Ambo ya ratso da igiya ɗaure a ƙugu, ruwa har ƙirji. Ya wuce kai tsaye gidan Nanay. Ya goya ta da zaninta, ya miƙo mini bakin igiyar, na riƙe ta wannan gefe har ya fita ta wancan. Aikina ke nan a ranar, riƙon igiya. Daga can aka sa ta a mota zuwa asibitin lardi. Likita ya ce da an kawo ta kwana biyu baya, da ba a taɓa yatsun ƙafar ba. An cire biyu.

Jiya ruwa ya janye, na sauka na same ta a ɗakin Ambo, matarsa tana ba ta romon kifi. Duk wanda ya shigo dubiya sai ta ba shi labarin yadda autanta ya goya ta. Na zauna a ƙasa kusa da gadon na ce, "Nanay, gora ta yi, Asabar za mu kawo miki gidanki." Ta dube ni. Ta ce, "Dong, tun farko na ga gorar a bayan rumbunka. Bar gidan inda yake, ai kana bukatarsa. Ni na riga na iso."

Ko tsawa ba ta yi mini ba, Petra, har ta tambaya ko na ci abinci. Na hawo tudu, na bi ta ƙofarta. Takardar ƙidayar tana nan manne, ruwa bai ɓata ta ba, sunanta a ƙarƙashin Ilaya. Na shiga na share ɗakin, na cika mata randa kamar kullum, sai da na gama na tuna babu mai sha.

Ki dawo, don Allah, ko na mako guda ne. Ban san da wace fuska zan sauka dubiya ni kaɗai ba.

Naki,
Santo