Jan Ƙyallen Babur ɗin Garba

Daren Laraba, Disamba 2022



Kusan shekara uku ke nan, kullum in na ɗauko ma'aikata a bas, sai na haɗu da Garba mai kai abinci a danjar unguwar Al-Sadd, a nan ƙasar Larabawa. Sau ɗaya tak muka sha shayi tare, kafin korona. Daga nan sai ɗaga hannu, ni ta taga, shi a kan babur, fuskarsa cikin hular kwano. Da jan ƙyallen da ya ɗaura a madubi nake gane shi.

Yau cunkoson 'yan kallon ƙwallo ya tsayar da mu kusa da juna. Na leƙa na ce, "Garba, zumuncin namu iyakarsa hannu?"

Ya ɗaga gilashin hula. Ba shi ba ne.

"Malam, sunana Sani, ɗakinmu ɗaya. Garba ya rasu tun azumin bara, korona ce. Kafil, wato ubangidanmu, ya ba ni babur ɗin."

Na yi salati. Na ce, "To me ya sa kake amsa mini?"

"Na ga da murna kake ɗagowa. Na kasa ƙyale ka."

Na baya suka dame ni da hon, suna "yalla yalla", wai in yi gaba. Na ja mota, ban ko tambayi inda aka binne shi ba.

Shekara ɗaya da rabi ina gaida mamaci, ban taɓa nema masa gafara ba. Gobe in na hango jan ƙyallen nan, hannu biyu zan ɗaga.