An Ɗora Shago Bisa Rijiyar Malam

Assalamu alaikum Adda. Ina gida, ina ɗawainiya? Don Allah ki taimake ni da shawara, abin nan ya hana ni sukuni, ni kuma ban iya faɗa ba.

Marigayi maigidana, Malam, ya bar mini fili a bakin titi nan Talata Mafara. A ciki akwai rijiyar da ya haƙa sadaka, masu zuwa kasuwa daga Maradun da Damri su sha, su shayar da jakunansu. Da aikin dam na Bakolori ya cika gari da baƙi, ƙanensa Dikko ya roƙi filin, zai gina jerin shaguna irin na birni, da gilashi da lantarki. Sharaɗi guda na sa: a bar rijiya buɗe. Ya amsa, aka shafa fatiha gaban liman. Ban nemi takarda ba, ni a sanina fatiha ta fi takarda nauyi.

Ni ba mai fita ba ce. Duk sanda na tambayi Dikko sai ya ce rijiya na nan lafiya. Ran nan na tafi gaisuwar mutuwa, na ce bari in ratsa in kurɓi ruwanta. Adda, babu rijiya. An rufe bakinta da kankare, an ɗora shago bisa. Kuma mai hayar shagon maƙwabciyata ce, Margaret mai atamfa, baiwar Allah da ke riƙon marayu. Ta tarbe ni da murna, ta shimfiɗa mini tabarma daidai wurin, ba ta san komai ba. Ta kawo mini lemun kwalba, na kasa sha.

Da na tuntuɓi Dikko, sai ya ce wai zamanin famfo ya zo. In na yi shiru, ina tsoron ladan Malam ya yanke da sanina. In na tona, 'yan unguwa za su taso, kuma Margaret za a fitar. Yaya zan yi?

Mai neman mafita, Talata Mafara.

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. An cuce ki, kada ki yi shakka. Wataƙila Dikko ya ji tsoron buɗaɗɗiyar rijiya tsakiyar shaguna, amma da sai ya zo ya faɗa miki. Ƙaryar da ya yi ta maimaitawa ta fi kankaren muni. Amana kuwa ba ke kika ci ba.

Kada maganar ta shiga kasuwa. Ki aika wa limamin da ya shafa fatihar, a kira Dikko cikin gida. Ruwa kike nema, ba rusau ba: ya haƙa sabuwar rijiya gaban shagunan da niyyar wansa, mai wucewa ya sha kyauta. Hukuncin sauya wurin, liman zai yi muku bayani. Kada ki yarda da famfo kaɗai, famfo na ɗaukewa. Wannan karon kuma ki je da kanki, ki zura guga, ki ɗanɗana.

Margaret kuwa, ta ji daga bakinki kafin ta ji a titi. Ki koma ki sha lemunta. Allah ya ji ƙan Malam, ya sanyaya zuciyarki.